Barcin Inna Kellu Tsakanin Kano da Jidda

Mahaifiyata, Kellu, ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana matar aure ba miji a gida, kuma duk faɗin Gwiwa babu wanda ya isa ya kira ta bazawara. Duk ranar Alhamis sai ta yi sabon kitso. Ta sa kwalli, ta share ɗakin da ke hannun dama in ka shigo gidanmu, ta kaɗe shimfiɗar da ba mai kwanciya a kanta. In aka tambaye ta ina mai gidan, amsarta ɗaya ce, ba ta taɓa ƙara mata gishiri ba: "Yana hanya."

Mai gidan shi ne mahaifina, Mele. Ina 'yar shekara uku ya tafi Makka a ƙasa, tun Turawa na nan, saboda haka ban san fuskarsa ba. An ce dogo ne, an ce yana da wushirya, an ce goshinsa na ɗauko. Iyakar gadon da na ci ke nan. A lokacin akwai jirgin sama, amma na sarakuna ne da manyan attajiran Kano. Talaka in ya yi niyya, gyaɗarsa yake sayarwa ya sayi jaki, ya bi ayari ya nufi gabas. Inda guzuri ya ƙare sai ya tsaya ƙwadago, noma a nan, tsinkar auduga a can, ya tara abin da ya samu ya ƙara gaba. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai. Kakan Inna ma an ce da furfura ya dawo, har 'ya'yansa suka shimfiɗa masa tabarma a zaure suna tambayarsa wurin wa ya zo.

Mu asalinmu mutanen gabas ne. Kakannina sun zo daga Barno da fataucin kanwa, suka ga ƙasar gero suka zauna. Harshen ya kusa ɓace mana, sai dai tsofaffi in za su yi maganar da ba sa so yara su ji, amma akwai al'ada ɗaya da gidanmu bai saki ba. In mutum zai yi doguwar tafiya, yana fita daga zaure sai matarsa, ko wata babba a gidan, ta durƙusa ta kwashe ƙasar da ƙafarsa ta dama ta taka, ta ƙulle a ƙyalle, a rataye a jikin azara. Ranar da ya dawo a kwance ƙullin a zuba a bakin ƙofa, ya taka ya shiga. In kuwa labarin rasuwarsa ne ya zo, nan ma a kwance a zubar, matarsa ta tsefe kai ta shiga takaba. Muddin ƙullin yana rataye, mutum yana hanya. Malaman garinmu ba sa son abin, sun ce ba shi da tushe, amma babu wanda ya taɓa shiga ɗakin Inna ya sauko da shi.

Ƙullin Baba na baƙin saƙi ne, bai fi girman lemon tsami ba. A ƙarƙashinsa na yi wayo.

Waɗanda suka tafi tare da shi suka riƙa dawowa ɗaiɗai. Na farko wani Falalu ne, mutumin Babura, a shekarar da aka samu mulkin kai. Ya ce a Abashe suka rabu, Mele ya tsaya yi wa wani Balarabe kiwon raƙuma. Bayan shi wani ya ce ya gan shi a gonakin auduga can gaba da Kartum. Wani kuma ya ce kamar shi ya hanga a Sawakin, bakin Bahar Maliya, cikin masu jiran jirgin ruwa, amma ba zai rantse ba. Daga nan labari ya ɗauke.

Inna ba ta taɓa wuce Kazaure ba, amma ta haddace garuruwan nan a jere, har takan lissafa su tana daka: Abashe, Fashir, Kartum, Sawakin, Jidda. Kowace kaka sai ta matsar da Baba gaba kaɗan. "Bana dai ya isa Fashir." Ba wanda ya gaya mata, ita ce ke kai shi. Da ta kai shi Makka ta ba shi shekara biyu ya huta, sannan ta fara dawo da shi a hankali, gari bayan gari. Na lura ba ta taɓa yarda ya ƙetaro Abashe ba. In ya iso nan sai ta ce ai guzuri ya ƙare masa, ya koma baya neman aiki.

Baba Kura, yayan mahaifina, shi ya riƙe mu, shi da matarsa Gumsu. Mutum ne marar yawan magana, amma a kan wannan ya yi har ya gaji. Akwai wani Na'Allah mai shanu a Roni da ya yi ta aike, mutumin kirki, matarsa ta rasu. Na taɓa jin Baba Kura yana cewa daga bakin ƙofa, "Kellu, addini bai ce ki tsufa a haka ba. Mu je Kazaure gaban alƙali ya yanke, ki yi abin da ya wajaba ki huta."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, wanda ya ɓata ake kai maganarsa gaban alƙali. Shi ai ba ɓata ya yi ba. Hanyar ce da nisa."

Hanyar ce da nisa. Da wannan maganar aka yaye ni, da ita aka yi min aure. Ni kuwa, gaskiya, haushi nake ji. Na tsani mutumin da ban sani ba, na tsani jakinsa, na tsani Abashe da duk raƙuman da ke cikinta. Ranar ɗaurin aurena Baba Kura ne ya tsaya min, amma Inna sai da ta ware goro mai kyau ta kai ɗakin dama ta ajiye a kan shimfiɗa. Yana nan har ya bushe ya yi baƙi.

Duk da haka ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji. "Mai gidan" take cewa, ko "babanki". Ni ma da yake ni ce 'yar fari, kuma daga ni ba ƙari, ba ta faɗin nawa. Ga kowa ni Kaltume ce, a wurinta "ke 'yar nan".

Sai zamanin man fetur ya zo. Mutanen da muka sani da kwandon taki a ka suka fara tafiya Makka bayan an yanke gero, su dawo kafin a gama sussuka, da haƙorin zinare da rediyo a kafaɗa. Na ɗauka wannan zai girgiza Inna, amma ina. In an zo mata da labarin wane ya je ya dawo, sai ta ce, "Na sama daban, na ƙasa daban." Ba ta taɓa tambayar kwana nawa jirgin yake yi ba. A ranta ta ba shi mako guda, ko fiye, yana sauka gari-gari yana shan ruwa.

Mijina Sama'ilu malamin gona ne a Roni. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin nan na Udoji, abokansa suka sayi babura da agogo, shi kuwa ya ce zai kai ni Makka, ya kai surukarsa. Mutum ne mai kunya har abin ya yi yawa. Tun da ya aure ni bai taɓa haɗa ido da Inna ba. In ya zo gaishe ta daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bayan danga, ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango. Duk abin da zai gaya mata ni yake gaya wa, ko da tana zaune kamu biyu daga inda yake. Maganar kujerar ma ta bakin Baba Kura ta isa gare ta.

Na zaci za ta ƙi, ta ce wa zai tarbi mai gidan in ya iso. Sai kawai ta ce, "To. Allah ya yi masa albarka." Washegari ta fara haɗa guzuri.

Irin wanda ta haɗa wa Baba ta haɗa. Garin gero, dakuwa, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Wannan duk maniyyata na yi, ba wanda ya yi magana. Amma ta sa an ɗinka mata takalmin fata ƙafa uku, ta kuma aika kasuwar Gwiwa a nemo mata salkar ruwa. Na ce, "Inna, jirgi za mu shiga fa, ba jaki ba."

Ta ce, "Ke 'yar nan, kin taɓa zuwa ne?"

Ban taɓa ba.

Ranar tafiya Gumsu ta durƙusa a ƙofar zaure ta kwashe sawun Inna a farin ƙyalle, ta kwashe nawa. Muka hau akori-kura mu uku da Sama'ilu bayan sallar asuba. Kafin Roni taya ta fashe. A Kazaure muka zauna jiran babbar mota ta cika har aka yi azahar, da ta cika kuma direban ya tafi cin abinci. Ba mu shiga Kano ba sai da rana ta yi ja. Ni duk jikina ya mutu, Inna kuwa har da ɗan murmushinta. Ta taɓa ni ta ce, "Kin gani ko? Kano ma da ke nan ƙofar gida ta cinye wuni guda. To ina ga can."

A sansanin alhazai muka tarar da duniya. Mutane kwance a kan kaya, ana girki a murhun duwatsu, ana kiran sunaye a lasifika ba a jin ko ɗaya. Kullum a ce jirginmu gobe. Muka yi kwanaki a haka, Inna ba ta runtsa ba, dare da rana tana zaune a kan buhun garinta kada a tafi a bar ta. Wata safiya wani jami'i mai farar hula ya tara mu yana bayani, yadda ake ɗaura ɗamarar kujera, yadda ake shiga bayan gidan jirgi, kada wanda ya kunna risho a ciki. Can wani tsoho ya ɗaga hannu ya tambayi nisan tafiyar. Jami'in ya ce tsakanin Kano da Jidda mil dubu biyu ne da ɗoriya, jirgi kuma yana cinye shi cikin awa biyar, wani lokaci ma ba ta cika ba.

Inna ba ta san mil ba, ba ta san awa ba. Ta jawo gefen mayafina ta ce, "Awa biyar ɗin nan kwana nawa ke nan?"

Na ce, "Ba kwana, Inna. Daga hantsi zuwa la'asar."

"Zuwa Abashe?"

"Zuwa Jidda. Gaba ɗaya."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta yi salati ba. Ta koma kan buhunta ta zauna, hannu biyu a cinya. Na kai mata koko ya huce a gabanta. Shekara da shekaru ina jiran ranar da wani zai gaya mata hanyar nan ba ta kai yadda take faɗa ba, ga ranar ta zo, na duba raina ban sami daɗin da na yi zato ba. Ban sami komai ba ma.

Sai bayan azahar ta kira ni. Ta ɗaga gefen zaninta ta nuna min abin da ta ɗaure a lalitarta. Baƙin ƙullin nan ne. Ta sauko da shi daga azara ba wanda ya sani.

Ta ce, "An ce jirgin yana da taga."

Na ce yana da ita.

"Ta kan hanyar zai bi ai. Ba wata hanyar gabas sai ita. Ki samo min wajen tagar. In muka zo saitin inda yake, gabana zai faɗi, zan sani. Ko yana Fashir ne, ko yana ina. Ni dai in san inda zan ajiye shi."

Na buɗe baki zan ce daga can sama ko raƙumi ba a gani, balle mutum. Na dubi fuskarta na fasa.

Da aka kira jirginmu Sama'ilu ya yi ta maza, ya kutsa cikin turmutsitsi ya kama mana kujeru uku a jere. Inna a taga, ni a tsakiya, shi a bakin hanya, don ba zai yiwu ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukarsa ba. Salkar da takalma biyu an bar su a Kano wajen awon kaya. Rana ta ɗaga sosai lokacin da jirgin ya fara gudu. Ni dai tun da na ji ƙasa ta sake mu amai ya taso min. Na ja mayafi na rufe kaina, na kifa fuska a gwiwa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Inna ta manna goshi a gilashi, hannunta na dama a kan lalita.

Haka na yi tafiyar, kai a ƙasa, ina amai a 'yar jakar takarda. An kawo abinci ban ɗago ba. Na ji Sama'ilu yana taɓa ni yana raɗa wani abu, ƙarar jirgi ta hana ni ji, na ture hannunsa. Ban dawo hayyacina ba sai da na ji tayoyi sun daki ƙasa, jirgi ya ɗauki kabbara.

Na ɗago na duba taga. Inna barci take yi. Kanta ya jingina da gilashi, bakinta a ɗan buɗe, hannun yana nan a kan lalita. Barcin kwanakin sansani ne ya zo ya karɓi hakkinsa gaba ɗaya.

Daga baya Sama'ilu ya gaya min tun ba a daɗe da tashi ba ya ga kanta ya langaɓe. Ya san abin da ya kawo ta tagar, don na gaya masa. Ya yi gyaran murya, ya ƙara yi. Ya taɓa ni na ture shi. Miƙa hannu ya tsallake ni ya taɓa surukarsa, ko ya ɗaga murya ya kira ta, wannan kuwa ya ce ya yi ta niyya hannunsa ya ƙi tashi. Haka ya zauna awa biyar yana kallon bayan kujerar gabansa. Ban yi masa faɗa ba. Tarbiyyar da aka yi masa ke nan, da ita kuma Inna take yabonsa a gaban mutane.

Na tashe ta. Ta buɗe ido ta dubi waje, ga kwalta, ga wasu jiragen a jere, ga Larabawa cikin fararen riguna.

Ta ce, "Ba mu tashi ba?"

Na ce, "Mun sauka, Inna. Jidda ke nan."

Ta daɗe tana kallon waje. Sannan ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Na wuce ta kansa ina barci."

Ta yi aikin hajjinta cif, ba ta bar ko ɗaya ba, ɗawafi da safa da marwa da tsayuwar Arfa da jifa, duka da ƙafarta, ba ta yarda an ɗauke ta ba. Amma ban ga ta yi kuka a gaban Ka'aba ba kamar sauran mata. Tana yin komai ne kamar yadda take share ɗakin dama.

In mun sami sarari sai ta ce mu je unguwar takari, wato mutanenmu da suka je a ƙasa tun da daɗewa suka zauna can. Suna nan da yawa, masu sayar da ƙosai, masu ɗiban ruwa, masu wanki, Hausa a bakinsu ta gauraye da Larabci. Inna sai ta tsaya gaban tsoho ta gaishe shi, ta ce tana cigiyar wani mutumin ƙasar Kazaure, dogo, mai wushirya. In aka ce mene ne sunansa sai ta juyo ta dube ni. Ni ce mai faɗa. Na faɗi sunan nan a Makka fiye da yadda na faɗe shi duk rayuwata. An kai mu wurin Mele uku. Ɗaya gajere ne mutumin Gaidam, ɗaya yaro ne da aka haifa a can, ɗaya kuma ya rasu bara, amma matarsa ta ce shi daga Damagaram ya zo kuma haƙoransa a haɗe suke. Wata tsohuwa mai tuyar waina ta ce mana, "'Yan uwa, waɗanda hanyar nan ta ci ai sun fi waɗanda suka iso." Inna ta yi mata godiya, ta sayi waina, muka tafi.

Ranar komawa ma da rana muka tashi. Wannan karon na sha alwashin ko hanjina zai fito ba zan sunkuya ba. Sama'ilu ya sake samo tagar. Inna ta ci goro tun a filin jirgi, ta ƙara wani a kunci, ta kwance ƙullin daga lalita ta riƙe shi a tafin hannu.

Muka ga ruwa, shuɗi, ba daɗewa ya wuce. Na ce, "Bahar Maliya ke nan." Ta gyaɗa kai. Daga nan sai ƙasa, ja-ja, fari-fari, ba itace, ba gida, ba layin da za ka ce hanya ce. Wani wuri gajimare ya rufe, ya buɗe, abin dai ɗaya ne. Can muka hangi wani zare mai duhu ya ratsa, wani a bayanmu ya ce kogin Nilu ne. Inna ba ta ɗauke goshi daga gilashin ba. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta je bayan gida ba. Ina kallon bakinta yana motsi, na san garuruwanta take jerawa daga ƙarshe zuwa farko, tana neman inda za ta sa kowanne a cikin wannan fili. Ni ma na sa ido, ni da na ce na tsane shi. Na duba har idona ya yi ruwa.

Goron da ke kuncinta bai gama narkewa ba aka ce mu ɗaura ɗamara. Gonaki suka fito, da rumbuna, da jar ganuwa.

Sai da jirgin ya tsaya cak, mutane suka miƙe suna rige-rigen sauke kaya, sannan ta juyo. Idonta a bushe. Ta ce, "Kaltume."

Na waiga in ga da wa take. Ban taɓa jin sunana da muryarta ba.

Ta ce, "Gabana bai faɗi ba. Na duba tun daga ruwa har nan. Mele ba ya hanyar nan."

Sama'ilu ya sunkuyar da kai kamar an zage shi. Ni kuwa na ce, "To, Inna." Abin da ya fito ke nan. Na ɗauko mata jakarta muka bi layi.

Daga Kano zuwa Gwiwa muka sake cinye wuni, har da kwana a Kazaure don mota ta ƙi tashi. Muka isa da hantsi. Gari ya fito tarba, yara na gudu a gefen mota, mata na guɗa, ana ta "Hajja Kellu, Hajja Kellu, barka da sauka." Baba Kura ya sa an yanka rago. A ƙofar zaure Gumsu ta fito da fararen ƙulli biyu, ta kwance nawa ta zuba na taka, ta kwance na Inna ta zuba. Inna ta sa ƙafar dama ta taka, aka ɗauki guɗa.

Amma ba ta shiga ba. Ta tsaya a wurin ta ciro baƙin ƙullin. Ƙyallen ya tsufa, bakin ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Masu guɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, don duk wanda ya girma a unguwarmu ya san ƙullin nan ko bai taɓa ganinsa ba. Ta zazzage shi a bakin ƙofa. 'Yar ƙasa ce, ba ta cika cokali biyu ba, kalarta ɗaya da wadda ke wurin. Kowa ya tsaya yana kallonta, ba mai takawa.

Baba Kura ya matso ya ce, "Kellu, wani labari kuka samo?"

Ta ce, "Babu, Yaya."

"To ai sai an je gaban alƙali tukuna."

Ta ce, "A je. Duk ranar da ka ce."

Ta ɗauki tsintsiyar da ke jingine a zaure ta share bakin ƙofar tas, nata sawun da nawa da nasa, ta tara a gefe inda ake tara shara kullum. Sannan ta shiga gida. Mata suka biyo ta da ƙwaryar fura da kwanukan abinci, ba wadda ta san ko barka za ta yi ko gaisuwa. Ta wuce ɗakin dama ba ta kalle shi ba, ta jawo tabarma ta zauna a gindin 'yar darbejiyar tsakar gida. Ranar Alhamis ce, mai kitsonta ma tana cikin 'yan tarba, ta zo da man shanunta a ɗan gwangwani.

Inna ta zame ɗankwali ta ajiye a gefe. Ta ce, "Gumsu, ɗauko tsinke ki zo ki tsefe min kan nan."